Injin da ya dace da Datsun 240Z: tsakanin L28, RB25DET, 2JZ da LS1

Malam, ka ce ka samu Datsun 240Z ƙirar 1972 mai sitiyari a hagu, injinta na asali ya buga tun da daɗewa, kuma kana son ka tashe ta don hawan ƙarshen mako da tafiya mai nisa jefi-jefi, ba don tsere ba. Ka tambaya wanne za ka ɗora mata tsakanin L28, RB25DET da LS1, sannan wani ɗan'uwa ya ƙara maka da 2JZ na Toyota. Amsata ita ce L28, kuma zan faɗi dalili, tare da yanayin da zai sa in sauya shawara.

Ya kamata a fara da motar kanta, domin ita ce za ta ɗauki duk abin da aka ɗora mata. Nissan ta fito da ita a ƙarshen 1969, a Japan da sunan Fairlady Z, a Amurka kuma da sunan Datsun 240Z. Injinta L24 ne, mai silinda shida a jere, lita 2.4, da kabureta biyu na Hitachi, kuma ƙarfinsa doki 151 ne bisa ma'aunin wancan zamani, wanda ya fi na yanzu sassauci. Nauyinta duka bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Da wannan injin ne ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta sake lashewa a 1973 a hannun Shekhar Mehta, a kan hanyoyin da suka fi namu ƙura da gargada. To amma rashin nauyin nan yana da tsadarsa. Motar ba ta da shasi na daban, bodin ne yake ɗauke da komai, ƙarfen kuma siriri ne, tsatsa tana cinsa a daɓen ƙasa, da ƙarƙashin batir, da dogayen ƙarafan nan biyu da suka taso daga gaba suka bi ta ƙarƙashin kujeru. Kafin ka ba kowa kuɗin inji, ka sa a ɗaga motar a ƙwanƙwasa waɗannan wurare, domin abin da mai walda zai gani a nan shi ne zai faɗa maka iyakar ƙarfin da za ta iya jurewa.

L28 ƙanin L24 ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne ya zo a Datsun 280Z daga 1975 zuwa 1978, sannan a 280ZX har zuwa 1983, kuma an saka shi a Nissan Patrol da Laurel da Cedric na wancan lokaci, wanda hakan yake faɗaɗa maka wuraren nema. Girmansa lita 2.8 ne, amma daga waje kusan ba za a bambance shi da na asali ba. Yana zama a kan mazaunin injin da ke motar, yana haɗuwa da giyabos ɗinta, bonet yana rufuwa ba tare da an taɓa shi ba, kuma ana iya kwance kabureta biyun nan daga tsohon injin a ɗaura masa su. Babu yanka, babu walda, babu ƙwaƙwalwar inji da za a nemo wa mai wayarin. Duk bakaniken da ya koyi aiki a kan tsofaffin Datsun zai gane shi da gani ɗaya, kuma sarƙa ce take juya kamshaf ɗinsa, ba bel ba.

Masu raina L28 suna kallon lambar da ya fito da ita daga masana'anta, wadda dokokin hayaƙi na Amurka suka danne ta a shekarun 1970. Idan aka gyara tof silinda, aka saka kamshaf mai ɗan zafi, aka buɗe masa salansa, aka daidaita kabureta da kyau, yana kusantar doki 200 ba tare da an wahalar da shi ba. Wanda yake son ƙari yana da tsohuwar dabara: a ɗauko karanshaf na injin dizal LD28, wanda bugunsa, wato tsawon tafiyar fistin, milimita 83 ne maimakon 79, a faɗaɗa silinda daga milimita 86 zuwa 89, sai injin ya koma lita 3.1. Wannan aikin yana buƙatar mai injin tona da ya san awo, kuma ba kowane bulok ne yake da kaurin da zai jure wannan faɗaɗawar ba bayan shekara arba'in da wani abu ruwa yana cinsa ta ciki. Ni dai da ni ne, a 2.8 zan tsaya. Doki 180 zuwa 200 a motar da ba ta kai nauyin Corolla ta zamani ba ya isa ya sa ka riƙe sitiyari da hannu biyu.

Aibinsa biyu ne, kuma ba zan ɓoye maka su ba. Na farko, bututun shan iska da na fitar da hayaƙi duk a gefe ɗaya suke, kabureta tana zaune a saman zafin salansa, don haka a ranar Afrilu irin ta Kano ko Sakkwato, lokacin da zafi yake haura digiri 40, fetur yana iya tafasa a cikin bututu idan ka tsaya a cunkoso, motar ta riƙa shaƙewa. Maganinsa shi ne farantin kare zafi tsakanin su biyun, da lagireto mai kauri, da famfon mai na lantarki kusa da tanki. Na biyu, injin ya tsufa, duk wanda ka samu sai ka ɗauka cewa buɗe shi za a yi a sake ringi da metal da sarƙa, wasu kayan kuma sai an yi odarsu daga Amurka ko Japan.

RB25DET shi ne wanda zuciya take so, domin shi ma na gidan Nissan ne, silinda shida a jere, lita 2.5, kamshaf biyu, bawul 24, da turbo ɗaya, kuma a Skyline R33 ta 1993 ya zo da doki kusan 250. Kukansa yana da daɗi, kuma ba ya fitar da motar daga danginta. Sai dai aikin da ke bayansa ya ninka na L28 sau da yawa. Kwanon baƙin mai na ƙasansa yana da zurfi ta gaba, daidai inda ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin injin 240Z yake, don haka sai an nemo mai zurfi ta baya. Sai an ƙera sabon mazauni, an rage ko an sake furofela, an kawo famfon mai mai matsi, an nemi wurin na'urar sanyaya iskar turbo a gaban lagireto, sannan a zauna a haɗa wayoyin ƙwaƙwalwar injin da wayoyin motar da aka yi tun 1972. Akwai kuma wata matsala da ta shafe ka kai tsaye. An tsara Skyline ne da sitiyari a dama, turbonta kuma yana gefen hagu, ke nan a motarka turbo da bututunsa mai jan wuta za su zauna kusa da sandar sitiyari da tukunyar man birki. Ana warware wannan, amma da awo da haƙuri da abin kare zafi.

Abin da ya fi damuna game da RB a wajenmu shi ne fetur da kayan gyara. An daidaita shi ne a kan fetur mai daraja ta sama da ake sayarwa a Japan, alhali gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa, kuma injin turbo da ya haɗu da fetur mai rauni da iska mai zafi yakan fara ƙwanƙwasa daga ciki har ya fasa fistin. Dole a rage masa matsi ko a sake saita ƙwaƙwalwarsa, masu wannan aikin kuwa ba su da yawa. Sannan Skyline ba motar kasuwarmu ba ce, idan wani ƙaramin sensa ya mutu, kana iya zagaye Ƙofar Ruwa da Panteka ka dawo hannu rabbana. Ɗan'uwansa RB26DETT na Skyline GT-R ya fi wannan tsada da wahala, tunda an yi shi ne don mota mai jan ƙafa huɗu, ban ga dalilin da zai kai ka can ba.

Game da 2JZ, ɗan'uwan da ya kawo shi yana da hujja guda mai ƙarfi: samuwa. Mai turbo biyu na Toyota Supra, wanda ya kai doki 320 a kasuwar Amurka, ya yi tsada ƙwarai, amma marar turbo, wato 2JZ-GE mai lita 3.0 da doki 220 ko kusa da haka, shi ne a cikin Lexus GS300 da IS300, kuma ana samun ɗan Beljiyam ɗinsa a Ladipo da manyan kasuwannin Arewa, makanikai sun san shi, salansarsa kuma tana gefen dama, nesa da sitiyarinka. Matsalar ita ce kusan duk wanda za ka samu a nan da giya mai sarrafa kanta zai zo, neman giyar hannu irin R154 da kulocinta kuwa yana iya cin kuɗin da ya fi na injin. Ga shi da nauyi da tsawo, bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne. Za ka yi duk wahalar wayarin da walda irin ta RB, a ƙarshe ka samu doki ashirin ko talatin sama da L28 da aka gyara. A ganina riba ba ta kai wahala ba.

LS1 kuwa wani lissafi ne daban. V8 ne na General Motors, lita 5.7, ya fara fitowa a Corvette ta 1997 da doki 345, sannan a Camaro daga 1998 zuwa 2002. Mutane suna jin V8 sai su ɗauka zai danne gaban motar, alhali bulok ɗinsa alminiyam ne, nauyinsa bai yi nisa da na L28 ba, kuma da yake gajere ne, silinda huɗu kowane gefe, ana tura shi baya har nauyin motar ya fi daidaita. Ba sabon abu ba ne: tun a shekarun 1970 kamfanin Scarab a Kalifoniya yake ɗora V8 na Chevrolet a kan wannan mota. Ba shi da turbo, bai cika tsangwamar fetur ba, yana da juriya. Ka lura dai, wanda aka fi samu a nan shi ne ɗan'uwansa mai lita 5.3 na Tahoe da Suburban da Yukon, wanda mafi yawansa baƙin ƙarfe ne, ya fi nauyi, bututun iskarsa na sama kuma dogo ne, sai an sauya shi kafin bonet ya rufu.

Inda LS1 yake kama mutum shi ne abin da yake jawowa a bayansa. Ƙarfin murɗarsa ya ninka na L24 fiye da sau biyu, kuma babu abin da ke ƙarƙashin 240Z da aka yi don wannan. Aksul ɗinta na baya R180 ne, sai an koma R200 na 280Z tare da sandunan taya masu ƙwari. Giyar T56 mai shida, wadda ake haɗa LS1 da ita, tana da tsada da girma. Birkin baya na ganga ne. Bodin da ban yarda da shi ba tun farko sai an ƙara masa ƙarfe daga gaba zuwa baya, in ba haka ba za ka ga ƙofa ta fara ƙin rufuwa. Idan da ka ce motar ba ta da injin asali, bodin ya riga ya sha yanka, kuma gudu kake nema tsagwaronsa, to LS1 zan ce, domin a cikin huɗun nan shi ne yake ba da ƙarfi mafi yawa da rigima mafi ƙaranci a ƙarƙashin bonet. Ba haka ka bayyana motarka ba.

Kuɗin da L28 zai rage maka, ka zuba shi a giya mai biyar ta 280ZX, wadda take shiga kusan kai tsaye kuma take sauke kukan inji a doguwar hanya, da sababbin robobin ƙafa da shokazoba, da birkin gaba. Ga wata dabara da za ta yi maka daɗi: kalifar birki mai fistin huɗu ta tsohuwar Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu, ƙirar farkon shekarun 1980, tana ɗauruwa a ƙafar gaban 240Z da ɗan gyara kaɗan, kuma irin wannan ba ta wuyar samu a wajenmu.

Tsohon L24 ɗin kuma kada ka bari 'yan gwangwan su auna shi a sikeli. Lambarsa tana buge a jikin bulok, kuma tana rubuce a ƙaramin farantin da ke cikin ɗakin inji, masu sayen irin waɗannan motoci suna duba ko lambobin biyu sun yi daidai, farashi kuma yana bin abin da suka gani. Ka sa a wanke shi, a zuba mai a silindarsa, a rufe shi da leda a ɗaki marar danshi. Ranar da aka ɗora sabon injin, ka je a gyara lambar inji a takardun motar kafin ka hau titi da ita.