Ajin lanƙwasa baya na mata a Ikeja: tsari ya yi, tabarmi da saura

Akwai wani ɗakin yoga, wato atisayen miƙe jiki tare da numfashi, na mata zalla a Ikeja da ke ware safiyar Asabar don lanƙwasa baya, awa ɗaya da kwata. Matan Agege na zuwa sosai saboda kusanci, kuma ba a hana kowa dogon wando da riga mai faɗi.

Darajar ajin tana cikin jerin da malamar ta tsara. Kusan rabin lokacin shiri ne kawai. Ana farawa da durƙuso kan hannu da gwiwa, a gantsare a ƙudundune tare da numfashi sau 10. Sai a tura ƙafa ɗaya gaba, gwiwar baya a ƙasa, a tsaya numfashi 8 kowane ɓangare, sannan a buɗe kafaɗu da ɗamara. Wannan daidai ne. Macen da ke wuni a kujerar ofis ko cikin danfo a gosulo, naman gaban cinyarta a ɗaure yake, tsakiyar baya kuma haƙarƙari ya riƙe shi, ba ya lanƙwasuwa da sauƙi. In ba a saki waɗannan ba, ƙugu ne ke ɗaukar nauyin duka, shi ne ciwon da ake tashi da shi washegari.

Daga nan ake tafiya daki-daki: kwanciyar kumurci, wato Bhujangasana, sai kwanciyar fara (ƙwaron nan), sai gada, wato a kwanta rigingine a ɗaga ƙugu, sai raƙumi, wato a tsaya kan gwiwoyi a gantsare baya. A gada ana matse bulon yoga tsakanin cinyoyi don kada gwiwoyi su ware. A raƙumi malamar ba ta yarda a kai hannu diddige sai cinya ta tsaya kyam, kuma ba a sakin wuya ya faɗa baya. Urdhva Dhanurasana, wato ɗaga jiki daga rigingine kan tafin hannu da ƙafa kamar baka, mafi zurfinsu, ita ce ta ƙarshe: tafin hannu daidai faɗin kafaɗa, numfashi 5, sau biyu, a sauko haɓa na kusa da ƙirji. Wadda gwiwar hannunta ke buɗewa, ana mayar da ita gada, ba kunya.

Inda aka gaza shi ne tabarmi. Na roba ne masu araha, da zarar zufar Legas ta jiƙa su sai santsi, kuma hannu ya zame ana tsakiyar gantsarewa ba ƙaramin haɗari ba ne. Ki tafi da taki, ko aƙalla tawul. Hutun ƙarshe ma ya yi gajarta, minti 5 bai isa ba, ko da yake malamar ta yi daidai da take fara sa a murɗa jiki a kwance kafin a rungume gwiwa.

Mai juna biyu, mai hawan jini da mai ciwon ƙashin baya su fara ganin likita. A bar aƙalla awa biyu tsakanin cin abinci da shiga aji.