Sharhi kan gajerun fina-finan tarbiyya da ake haska wa ɗaliban sakandare a Kano

Ƙunshin da muke magana a kai gajerun fina-finai ne na Hausa da ke zuwa a filash, kowanne tsakanin minti 12 zuwa 18. Sun taɓo shaye-shaye, ƙwacen waya da daba, satar amsa, talla, da rayuwar soshiyal midiya. Mun haska su a darasin zamantakewa a azuzuwan ƙaramar sakandare da babba, kuma hukuncinmu shi ne suna da amfani ƙwarai, amma ba sa koyar da kansu.

Tsawonsu ya yi daidai. Darasi minti 40 ne a yawancin makarantu, saboda haka fim na minti 15 yana barin minti biyar na haɗa kaya da kusan minti 20 na tattaunawa. A wannan minti 20 ɗin ne karatun yake. Idan aka haska har aka kaɗa ƙararrawa, yara sun yi kallo ne kawai.

Na shaye-shaye ya fi sauran nisa. Babu mai wa'azi a cikinsa. Yaro ne ɗan aji biyar da abokinsa ya fara aika kemis sayen maganin tari, daga baya aka juye masa a robar lemo a bayan makaranta. Kyamara ta tsaya a kan ƙananan abubuwa: uwa tana ta bugun ƙofa da asuba bai motsa ba, canjin cefane yana dawowa babu cikon naira ɗari biyu, ƙanwarsa ta gani ta yi shiru. A nan ya kamata malami ya dakatar da fim ya tambayi aji wa ya fara ganewa a gidan, kuma me ya hana shi magana. Ajin da ba ya ɗaga hannu ma sai ka ji ya ɓarke da muhawara. Inda ya gaza shi ne ya tsaya a kan kodin kaɗai, alhali tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramol, sholisho da wiwi, waɗanda yara ke jin sunansu a unguwa, sai malami ya kawo su da bakinsa.

Na soshiyal midiya bai yi ba. Waɗanda suka fito a matsayin ɗalibai sun girme wa kayan makaranta, Hausarsu kuma ta labaran rediyo ce, ba ta zauren ƙofar gida ba, ga dogon jawabin shugaban makaranta a ƙarshe. Yara suna dariya a inda aka so su ji tsoro. Na talla kuwa yana bukatar taka-tsantsan. Ya ɗora laifi kacokan a kan uwa, bai nuna tarin kuɗin kayan ɗaki ko neman na abinci da ke fitar da yarinya da faranti ba. Ga shi a cikin ajin akwai waɗanda daga tashi tallar za su wuce. Malama ta share fage tun kafin a kunna, kada a fita ana nuna wata da baki.

Wajen kayan aiki, sauti ne ya fi ɓata darasi. Lasifikar cikin majigi ba ta kai benci na uku a aji mai cunkoso, dole a haɗa ta waje. Cikin wayoyin da ke haɗa kwamfuta da majigi, wayar VGA hoto kawai take ɗauka. A yi amfani da wayar HDMI mai ɗaukar hoto da sauti tare, ko a ja wayar sauti daban daga kwamfuta. Da rana ana bukatar majigi mai hasken lumen 3,000 ko kusa da haka (lumen ma'aunin ƙarfin haske ne), a rufe tagogin gefen allo da zane mai duhu. Ƙananan majigin nan masu araha ba sa iya wa hasken hantsi, komai lambar da aka buga a kwali. Babban majigi yana cin wat 300 ko ƙasa kaɗan, ƙaramin janareta zai ɗauke shi har da lasifika, sai dai a ajiye injin nesa da taga. Kada a zare wayar wuta sai fankar majigin ta tsaya, domin zafin da ya rage a ciki shi ke rage wa ƙwan fitilarsa kwana. Lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe matatar ƙura duk mako, in ba haka ba zai yi zafi ya kashe kansa ana tsakiyar fim. Idan talabijin za a saka wa filash ɗin, tsofaffi da yawa ba sa buɗe bidiyon da aka adana da sabon tsarin H.265, a mayar da shi fayil ɗin MP4 mai tsohon tsarin H.264 tun a ofis.

Kafin komai, malami ya kalli fim ɗin shi kaɗai daga farko har ƙarshe, ya rubuta mintin da zai dakata da tambayoyi uku. A kuma duba ko yana da shaidar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, don iyaye za su tambaya. Na shaye-shaye da na ƙwacen waya a bar wa aji uku zuwa sama. Na satar amsa a haska shi makonni kafin jarrabawar WAEC da NECO.