Umma, Na Yi Miyar Taushe a Bamingham

Assalamu alaikum Umma. Ina kwana, ya gida, ya ƙafar taki? Da fatan Baba da su Yaya kowa lafiya. Mu ma a nan Bamingham ta ƙasar Ingila lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Kin ce in riƙa ba ki labarin abin da muke ci, don hankalinki bai kwanta ba. To ranar Asabar na yi miyar taushe da naman sa, irin wadda kike yi mana ran Sallah, kuma ta yi. Amma kwana biyu na yi ina harhaɗa kayanta, abin da a Zariya zagaye ɗaya ne a kasuwar Tudun Wada.

Kabewa ba ta ba ni wuya ba. Ƙarshen Oktoba nan garin cike yake da ita, domin ranar 31 ga wata suna da wani biki da ake fafe ta a yanka mata ido da baki a kunna kyandir a ciki. Sai dai waccan ta ado ce, ruwa ne zalla, ba garɗi. Wata maƙwabciyata 'yar Gana ce ta nuna mini wata doguwa mai siffar gora, cikinta jajir, ita ce ta narke ta ba ni kaurin da nake so.

Nama ne labari. A manyan kantuna za ki gan shi a ɗan faranti an lulluɓe da leda, an rubuta nauyinsa da ranar da zai lalace. Wani har an rubuta cewa an rataye shi kwana 21 ko 28 a ɗakin sanyi kafin a sayar, kuma alfahari suke yi da hakan, wai ya fi laushi. Laushi kam akwai. Amma ba ƙashi, ba jijiya, ba ɗan kitsen nan da ke sa romo ya kama leɓe. Ga kuma batun yanka. Saboda haka Alum Rock muka je, unguwar da mahauta 'yan Fakistan suke da yawa, nama na halak. Na nuna masa ƙafar sa da haƙarƙari, ya ɗora a zarton lantarki ya yanka daidai wa daida, ya auna, na'ura ta fitar da takardar kuɗi. Umma, gaskiya ɗaya ce: ma'auninsu ba ha'inci, kilo kilo ne, wurin tsaf, ko ƙuda ɗaya babu. Amma ba ciniki, ba "albarka", ba gyara. Na tsaya jim ina jiran ya ɗan jefa mini tsoka ɗaya a kai kamar yadda mahaucinki na Sabon Gari yake yi in ya ce a gaida Hajiya. Sai na ji ya kira na bayana. Hawaye ne suka cika mini ido a wurin.

Alayyafonsu wankakke ne a leda, ƙananan ganye masu taushi. Leda uku na zuba, ya koma bai fi cikin ludayi ba, kuma babu ƙanshin nan na alayyafon lambunan bakin Galma. Tattasai manya-manya, ja da kore da rawaya, kyau kamar a ajiye a falo, ɗanɗano kuwa salam. Attaruhu da manja da daddawa sai shagon 'yan Afirka. Daddawar ta Yarbawa ce, ɗanya mai ƙwaya-ƙwaya a cikin firiza, ba irin tamu busasshiya da ake dakawa ba. Gyaɗa kuma niƙaƙƙiya ce a kwalba, sai mutum ya karanta da kyau, don da yawa an sa musu sukari.

Yakuwa ce na fid da rai da ita, har na sayi lemon tsami. Sai ga ta a shagon wasu Indiyawa, a ɗaure dami-dami, jan kara da komai! Su gongura suke ce mata, mutanen kudancin Indiya suna miya da ita kamar mu. Na tsinki ganye ɗaya na tauna a tsaye, tsamin ya kai ni har tsakar gidanmu, bayan rijiya inda kike shuka taki.

Girkin kansa ya fi sauƙi a nan, wannan ba musu. Wuta ba ta ɗaukewa, ruwan zafi na famfo, tukunyar matsi ta dafa ƙashin cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Na bi yadda kika koya mini: nama da albasa da daddawa su fara nuna, kabewa ta shiga romon ta narke, sannan jajjage da manja, gyaɗa ta biyo, ganye a ƙarshe kuma ban rufe tukunya ba. Tuwon shinkafa na tuƙa da wata gajeruwar shinkafa da suke yin kunun madara da ita, tana da danƙo sosai. Maigidan ya ci malmala uku bai ce uffan ba, da ya gama ya ce in kira ki in yi miki godiya.

In mai zuwa ya samu, Umma, a aiko mini da daddawarmu ta gida, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yajin da kike dakawa. Kilishi da dambun nama kada a sa ko kaɗan, doka ta hana shigo da nama daga gida, ƙwacewa suke yi a filin jirgi. A gaida Baba, a ce masa ina shan maganin sanyin da ya ce. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sada mu da alheri.