Furen gadu ko alayyahu: wanne ya dace da garkar bakin kogi?

Ɗan'uwa, ka ce gefen garkarka ta Saga, a bakin kogi a Yamai, yana riƙe ruwa duk damina, kana tambaya ko ka gwada ganyen nan da 'yan Sin ke ci ko ka tsaya ga alayyahu. Ganyen ba baƙo ba ne. Shi ne furen gadu da ke yaɗo a bakin tabki da fadama, wanda muka bar wa awaki, alhali a Sin, Tailan da Filifin nomansa ake yi, a soya shi da tafarnuwa.

Ruwa ne ya raba su. Alayyahu yana son ƙasa mai taki wadda ruwa ke wucewa. In ruwa ya kwana masa a gindi, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa. Furen gadu kuwa nan ne gidansa. Karya karansa ka duba, cikinsa rami ne, shi ya sa yake tasowa kan ruwa, kuma kowace gaɓa da ta taɓa laka sai ta fitar da saiwa. Ba sai ka nemi iri ba: yanko reshe mai gaɓa 3 ko 4 ka soka a laka. Bayan sati 4 zuwa 6 ka fara yanka, in ka bar gaɓa 2 a ƙasa ya sake tohowa. Alayyahu ya fi shi sauri, sati 3 zuwa 4 an fara tugewa, amma irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai ka cuɗa da yashi kafin ka watsa a fangali, ga tsutsa mai huda ganye.

Da ɗari furen gadu yakan yi nawa, zafi yake so.

A kasuwa alayyahu ne sarki. Kai shi kasuwar Katako ko ta Wadata a Yamai, kowace uwargida ta san shi. Furen gadu sai ka yi bayani, kuma yana saurin yaushi bayan yanka. A tukunya yana da laushi, ba ɗaci, karansa na da ɗan garas-garas in ba a dafe shi ya lugwiguice ba, kuma yana karɓar ƙuli-ƙuli a kwaɗo.

Abin da ya fi damuna biyu ne. Kada ka ɗauko duman kada a madadinsa. Danginsu ɗaya da dankali, furensu ya yi kama, amma duman kada yana sa dabba rawar jiki da tangaɗi. Ganyensa kewayayye ne mai kauri, na furen gadu dogo ne kamar bakin mashi. Sannan ganyen da ke zaune cikin ruwa yana kwasar abin da ke cikinsa, har da gubar ƙarafa. Wanda ya fito a ruwan kwatami irin na Gunti Yena, kwarin nan da ke ratsa Yamai, don Allah kada a kai wa iyali, na ruwa mai kyau ma a dafa shi, kada a ci ɗanye.

Da garkar tawa ce, tudun zan bar wa alayyahu saboda kasuwa, in ba furen gadu kwarin nan da ke zaman banza, gida su ci, dabbobi su samu. Sai dai ka yi masa iyaka, don in ya shiga magudanar ban ruwa toshe ta yake yi. A Amurka ma cikin jerin muggan ciyayi aka sa shi saboda wannan yaɗuwar.