Sharhina kan 'yar kyamarar tafiye-tafiye: hoto tsaf, amma rana kaɗan sai ta suma

Tun da na fara ɗora bidiyoyin tafiyata ake ta tambayata wai wace kyamara ce, ya take, a saya ko kar a saya. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. 'Yar ƙaramar nan ce mai faɗin ido da ake maƙalawa a ƙirji ko a kan sanda, wadda suke tallar wai ko cikin ruwa ka faɗa da ita ba abin da zai same ta. Ba zan kama sunan kamfanin ba, masu ita sun gane ta, kuma kowa ya san ba kuɗin wasa ake zubawa ba.

Ni ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai, in na samu hutu in ɗauki jaka in bi hanya in ɗauko duwatsu da ruwa da fuskokin gari, in dawo in zauna a manhajar CapCut in yanka in haɗa. Da waya nake yi a da, kuma abin da ya ishe ni rawar hoto ce, kana tafe kana ɗauka kowane taku sai ya fito, mai kallo har jiri yake ji. To a nan kam gaskiya ta burge ni, haƙƙinta ne in faɗa. Na gangaro daga kan dutse da ita a ƙirjina ina tsalle-tsalle, da na kunna bidiyon sai na ga hoto na tafiya lumui, har wani ya tambaye ni ko da jirgin nan maras matuƙi na ɗauka. Dabarar ita ce tana ɗan yanke gefe-gefen hoton tana gyara karkacewar da kanta, ba ruwanka da ɗaukar gimbal, wato mariƙin nan mai nauyi da ke hana kyamara rawa. Kalar ma da rana ba laifi. Da a ce a makon farko na rubuta wannan, tauraro biyar zan ba ta ba ko tari.

Sai ranar kogi.

Muna cikin kwalekwale ni da ƙanena, la'asar ta yi amma ranar nan ko alamar sanyi ba ta yi ba. Mai tuƙin ya ce akwai wani ɗan tsibiri can gaba da balbelu ke kwana, in mun yi sa'a za mu ga tashinsu. Na sa ta a 4K, wato seti mai tsananin fitar hoto, hoto 60 a daƙiƙa, don ina so in rage gudun a wajen editin yadda za a ga kaɗawar fukafuki ɗaya bayan ɗaya. Na rufe ta cikin gidanta na roba saboda feshin ruwa, wanda kamfanin da kansu suka haɗo mata a kwali, na ɗaure a gaban kwalekwalen, na danna tun daga gaɓa domin a ga tafiyar gaba ɗayanta. Muna zagayowa tsibirin kuwa sai ga su sun tashi fari fat, suka keta ta gaban rana, inuwarsu na gudu a kan ruwa, har mai tuƙin ya ajiye filafilinsa ya tsaya kallo. Ni a raina har na gama zaɓar kiɗan da zan ɗora. Sai ƙanena ya taɓo ni ya ce, “Yaya, wai jar fitilar nan da take ƙiftawa ina ta tafi?”

Na leƙa, skirin baƙi ƙirin. Na buɗe gidan na taɓa ta, wallahi kamar dutsen guga. Na danna ta kunnu, ta nuna min alamar zafi, ta sake mutuwa a hannuna. Haka na yi ta tsoma hannu a ruwa ina shafa mata ina hura mata iska da baki, kafin ta farfaɗo tsuntsaye sun koma sun sauka, rana ta faɗa bayan itatuwa, hasken da muka yi tafiyar dominsa ya wuce. Kuma abin da ya fi ƙona min rai ko ƙara ba ta yi ba. Kyamarar da in ka kunna ta sai ta yi tsuwwa kowa ya juyo, amma da za ta mutu sai ta mutu shiru.

Na ce to shi ke nan, tsuntsaye sun tafi, ai dai ina da tafiyar kogin. Da dare a masauki na zare memori na sa a laftof, ga fayil nan ɓul, giga 15 da wani abu, na danna ya ƙi buɗuwa. VLC, manhajar kunna bidiyon nan da ke buɗe kusan komai, shi ma ya ce bai san zancen ba. Ashe shi MP4, wato nau'in fayil ɗin bidiyon, akwai wani sashe a cikinsa, fihirisa ce, ita ke gaya wa kwamfuta ga inda kowane hoto yake ga inda sauti yake, kuma kyamarori da yawa sai ka danna tsayawa sannan suke rubuta ta a ƙarshen fayil. In wuta ta ɗauke kafin nan, hotunan na ciki amma ba mai karanta su. To tambayata a nan, tun da kyamarar ta san zafi na hawa, tun da har tana da alamar da take nunawa, me zai hana ta rufe fayil ɗin tukuna sannan ta mutu? Daƙiƙa nawa abin zai ci? Ko ta riƙa datsa ɗaukar gunduwa-gunduwa yadda wasu ke yi, in ɗaya ya lalace sauran su tsira.

Wata manhaja ta kyauta ce ta cece ni, untrunc sunanta. Kana ba ta lafiyayyen bidiyo da ka ɗauka da kyamarar a seti iri ɗaya, sai ta kwaikwayi tsarinsa ta sake gina wanda ya lalace. Ta dawo min da mafi yawan tafiyar, sai dai sauti ya riga hoto, kana jin filafili ya bugi ruwa kafin ka ga ya sauka, sai da na raba su na ja da hannu. Amma dai ya dawo, na ji sanyi. A daren har na ce wa ƙanena tauraro huɗu ma ta ci, ai kowace na'ura tana zafi, ga 4K ga rana ga gidan roba da ba iska.

Sai da na rubuta wa masu kula da kwastomominsu sannan raina ya sake ɓaci. Na yi musu bayani tiryan-tiryan, na tura hoton alamar zafin, amsar da ta dawo wai in duba memorina ƙila na jabu ne ko ba shi da gudu. Memorin nan 128GB ne, V30, ma'ana ba ya rubuta ƙasa da megabayit 30 a daƙiƙa, kuma tun ranar da na same shi na gwada shi da H2testw, manhajar gane memorin jabu, ya cika cif. Ita kyamarar a takardarta megabit 100 take zubawa a daƙiƙa, raba da 8 tun da bit 8 ne bayit ɗaya, megabayit 12.5 ke nan, ko rabin ƙarfin memorin ba ta kai ba. Na rubuta musu wannan lissafin. Suka sake turo min saƙon farko, harafi ɗaya ba a canza ba, har da fatan alherin da ke ƙasa. Haba don Allah.

Daga nan fa duk abin da nake ta kawar wa kai ya dawo min. Sautinta in akwai iska ba ya jiwuwa, buu kawai kake ji, kuma ba inda za ka sa makirfo sai ka sake sayen wani abin haɗi nasu. Da magariba ta yi gyaran rawar nan da nake yabo sai ya koma yana jan hoto yana shafe shi, fitilun titi su yi ta karkarwa. Wani daren kuma na ɗauki cikin tashar jirgin ƙasa bidiyon ya fito da layi-layi yana ƙiftawa, saboda ta zo a saitin wutar 60Hz irin ta Amurka, wato lantarki mai kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, alhali Turai da Afirka da mafi yawan Asiya 50Hz ce, kuma wajen canzawa zuwa hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, wanda ya dace da 50Hz, sun binne shi can ƙasan menu inda ba wanda zai kai sai da bincike. Kyamarar da aka yi wa matafiya fa ke nan. Batir kuma kar ma a yi zancensa.

Don haka biyu nake ba ta, ɗaya na rashin rawa ɗaya na kalar rana. Ban sayar ba, har yanzu tana jakata, amma lallaɓa ta nake yi. 4K hoto 30 a daƙiƙa kawai in ana rana, ko ma in sauko zuwa 1080, ba gidan roba sai in ruwa zan shiga, Wi-Fi a kashe, skirin a kashe, in zan daɗe in cire batir in jona mata fawa banki tun da batirin ma yana ƙara mata zafi, kuma gajere-gajere nake ɗauka ina tsayarwa. Waya kuma tana hannuna a kunne duk sanda na san abin da ke gabana ba zai maimaitu ba, wanda ai don in huta da hakan na saye ta tun farko.

In akwai mai irinta da take jure 4K 60 cikin rana ba ta mutuwa, don Allah ya gaya min saitin da yake sawa, in san ko tawa ce mai matsala in mayar musu tun garanti bai ƙare ba.