Mai tallan majigin "kallo har abada" ya ci mini naira 252,000, ku yi hattara da shi

Jama'a assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce ko me za a ce sai na faɗa, domin jiya da daddare tallan mutumin nan ya sake faɗo mini a Facebook. Ya canza sunan shafi, amma hoton shi ne, bidiyon shi ne, ko kalmar da ya kama ni da ita bai taɓa ba: "Saya sau ɗaya, ka yi kallo har abada." Naira 252,000 ya ci mini, kuma ga shi yana neman wasu.

Bari in lissafa muku kada wani ya ce ƙari nake yi. Kuɗin majigin 185,000. Kuɗin abin da ya kira rijistar har abada 45,000. Kuɗin mota daga Legas zuwa Kano 7,000. Sai 15,000 na ƙarshe, wanda ya fi duka ci mini rai, zan zo kansa. Ku haɗa da kanku, 252,000 ne. Kuɗin adashen da na yi wata goma ina zubi, ranar da na kwasa ko gida ban kai su ba.

Kafin wani ya zo ya rubuta mini "ai kai ka so", ku ji. Ni ba yaro ba ne. Shekara 14 ina sayar da yadi a Kantin Kwari. Na san masu alat na bogi, na san masu kira su ce daga banki ne ka karanto lamba, sau nawa ina hana yaran shago biye musu. Ban tashi haka kawai na tura wa baƙo kuɗi ba. Na duba shafinsa, na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa, na yi kwana biyar muna magana a WhatsApp, kuma ni da bakina na ce ban yarda da bidiyon talla ba, sai ya kira ni ina ganinsa. Ya kira.

Kiran nan shi ne yake hana ni barci. Yana cikin wani ɗaki mai duhu, ga farin bango, ga rimot a hannunsa. Ya danna, Netflix ya buɗe. Ya fita ya shiga Prime Video. Ya fita ya shiga Showmax, ya shiga Disney+, ya shiga YouTube, har ƙwallon Firimiya ya nuna mini. Hoto tas, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Na ce ya rubuta sunana a takarda ya ɗaga a gaban hasken don in tabbatar ba tsohon bidiyo ba ne, ya rubuta ya ɗaga yana dariya, ya ce "Yaya, ka burge ni, haka ake son mutum." Hausarsa ta Kano ce sak, ya ce ɗan cikin gari ne, neman abinci ya kai shi kasuwar kayan lantarki ta Alaba a Legas. Muna cikin haka sai aka kira la'asar a wajensu, ina ji ta wayar. Sai ya ce, "Yaya, bari in yi salla, kasuwa ba ta fi salla ba. Kuma don Allah kada ka turo ko kwabo sai ka yi shawara da na gida. Amana ce." Ya kashe.

"Kada ka turo ko kwabo sai ka yi shawara." Wallahi wannan maganar ce ta gama da ni. Na zauna a bakin shago na ce a raina ɓarawo ba ya cewa ka jira. Ɓarawo gaggawa yake sa ka. Ku gaya mini, wane ne a cikinku zai ji haka bai saki jiki ba? Kafin ya idar da sallar da ya ce zai yi, na riga na tura 230,000, na majigi da na rijista a haɗe. Bai ma roƙe ni ba. Ni na tura masa shaidar biya ina cewa ya yi haƙuri na riga shi.

Kuma ba don holewa na saya ba, wannan ma ina so a sani. Mahaifiyarmu idonta ya yi rauni, tafsiri take bi a YouTube ta wayar hannu, sai ta kai wayar dab da fuska. Azumi saura mako biyu. Na ce in aka haska mata a katangar tsakar gida za ta ga malami da girmansa, ba sai ta wahala ba. Ta sha ba mu labarin majigin da ake kawowa filin unguwa a zamaninsu, kowa ya fito da tabarma. Na so in yi mata irinsa a gidanta. Yara kuma su huta da faɗa a kan talabijin ɗaya, tunda an ce komai yana cikin na'ura ɗaya, ba dikoda, ba kuɗin wata.

Kayan sun iso ran Talata, ko Laraba, na manta, ranar dai da aka yi hazo sosai. Na je tasha na karɓa da kaina. Tun daga nauyin kwalin gabana ya faɗi. Wanda na gani a kiran babba ne mai faɗi, wannan kuwa ɗan mulmulalle ne, bai fi fulas ɗin shayi ba. Na kira shi daga tashar, ya ce sabon samfuri ne, ya fi wancan ƙarfi, ya ma yi mini alheri ne bai ƙara kuɗi ba. A jikin kwali an rubuta 4K da manyan baƙaƙe, an rubuta hasken 12,000. Na yi shiru na hau adaidaita.

A'a, na tsallake wani abu. Tun ranar biya na lura sunan da ke kan asusun ba sunan da ya gaya mini ba ne. Na tambaya, kada ku ce ban tambaya ba. Ya ce asusun maigidansa ne, shi yaron shago ne. A kasuwa wannan ba baƙon abu ba ne, ni kaina yarana da asusuna suke karɓar kuɗi. To 7,000 ɗin mota kuma wani asusun daban ya ba ni, wai na direba. Na 15,000 ma wani daban. Asusu uku, suna uku, mutum ɗaya. Yanzu ne nake ganinsu a jere.

Daren farko mun shimfiɗa tabarma, an kashe duk ƙwayayen wuta, domin in akwai ko fitila ɗaya ba a ganin komai. Hoton dishi-dishi, tsakiya ya fito gefe ya narke, fankar cikinsa tana ƙara kamar injin markaɗe. YouTube ya yi aiki, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Disney+ bai taɓa buɗewa ba ko sau ɗaya. Ƙwallon da ya nuna mini, wata manhaja ce da ban taɓa jin sunanta ba, sai juyawa take yi tana cin data. Netflix ya buɗe, amma rimot ba ya tafiya a ciki, sai ka riƙa jan wata 'yar kibiya kamar ta kwamfuta. Na rubuta masa, ya ce matsalar sabis ce, in canza layi.

Abin da ya fi dukan zuciyata ga shi. Da Netflix ɗin ya buɗe, sunaye biyar na gani a jere, ba ɗaya na Bahaushe, ba ɗaya ma na ɗan Najeriya. Rubutun cikin da wani yare ne, ƙanina ya ce Sifaniyanci ne. Na danna na farko, sai ga jerin finafinan da wani yake tsakiyar kallo, da wani hoto da bai kamata a gani ba, ɓaro-ɓaro a jikin katanga, girman ƙofa, ga Hajiya a zaune, ga 'ya'yana mata. Na rasa maɓallin fita, sai na fizge wayar wuta. Hajiya ba ta ce komai ba, ta ɗauki carbinta ta shiga ɗaki. Ni ne na kawo wannan cikin gida da kuɗina, naira 252,000. Da na tambaye shi ya ce asusun kamfani ne, ana rabawa, in shiga na ƙarshe kawai. Na shiga na ƙarshe. Har yau ina tunanin ko asusun wani bawan Allah ne aka sace, yana can yana biyan kuɗinsa duk wata, ni ina nan ina kallo da shi ban sani ba.

Kwana 9 "har abada" ɗin ya yi. Rana ta goma komai ya fita, ana neman kalmar sirri. Prime Video ma haka, shi ina jin tun kwana na shida ya mutu. Na kira shi. Ya ɗauka da sallama, da tambayar jikin Hajiya, domin na taɓa gaya masa don ita na saya. Ya ce kamfani ne ya sabunta tsari, akwai lambar buɗewa, sau ɗaya ake biya, ni in ba da rabi, wato 15,000, ɗaya rabin kuma shi zai cika daga aljihunsa don kunyata yake ji. Na san za ku ce a nan ya kamata in farka. Amma ku sa kanku a matsayina, mutum ya riga ya zuba 237,000, azumi ya kama, ana ce masa 15,000 ce tsakaninsa da gyara. Na tura. Minti 20 bayan nan hotonsa ya ɓace a WhatsApp. Na kira, layi a kashe. Na kira da wayar maiɗakina, ya ɗauka, yana jin muryata ya katse.

Sai a makon jiya na ɗauki abin na kai kasuwar waya ta Farm Centre wajen wani yaro mai gyara da ƙanina ya sani. Allah ya yi masa albarka, bai yi mini dariya ba, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce 4K ɗin da ke jikin kwali nufinsa na'urar tana iya karɓar irin wannan bidiyon, amma abin da take haskawa 720 ne, wanda ingancin hotonsa ya yi ƙasa da 4K sosai, ya nuna mini a cikin saitin. Ya ce lambar hasken da ake dogara da ita ita ce wadda aka rubuta ANSI a gefenta, 12,000 ɗin nan rubutu ne kawai. Ya sa wata manhaja mai suna DRM Info, ta nuna Widevine L3, wato matakin tsaron bidiyo mafi ƙasa a na'ura. Ya ce Netflix ba ya ba da hoto mai kyau sai na'ura tana da L1 kuma sun amince da ita, mai L3 kuwa ko ka biya tsari mafi tsada hoton ƙasa-ƙasa za ka samu. Android ɗin da ke ciki ma irin na waya ne aka cusa, ba Android TV ko Google TV ba, shi ya sa rimot ba ya aiki. Disney+ kuwa ba su ma buɗe wa Najeriya ba. Sannan ya ce babu wani abu wai rijistar har abada, kowane kamfani nasa kuɗin daban yake karɓa, wata-wata ko shekara-shekara, ba wanda zai haɗa maka su duka a 45,000. Ya nuna mini irin majigin sak a shagon maƙwabcinsa. Da na ji kuɗinsa sai da na dafa bango. Bai kai rabin 185,000 ba.

Wato a kiran nan majigi mai kyau ya nuna mini, da asusunsa na gaske, ya aiko mini da wani. Takardar da ya rubuta sunana gaskiya ce, bangon gaskiya ne, kiran sallar ma ina jin gaskiya ne. Ya ji an kira sunan Allah ya ɗauka ya yi mini tarko da shi. "Amana ce." Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba, ko sisin kwabo ban yafe ba.

Na je banki na cike takarda, na ba su lambobin asusun guda uku, an ce in kawo rahoton 'yan sanda, ina kan haka. Na kai ƙarar sabon shafin, ƙanina ma ya kai. Kuma da na duba sharhin da ke ƙarƙashin sabon tallan, irin na wancan ne kalma da kalma, "na karɓi nawa, Allah ya saka", sunayen ma wasu na gane su. Su na karanta na samu natsuwa a wancan lokacin.

Duk wanda ya ce maka kallo har abada, ƙarya yake. Kada ka biya kuɗin majigi sai ka kunna shi da hannunka, ka shiga da asusunka, ka ga rimot yana aiki. In sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ka tsaya.

Hotunan hirarmu duk suna nan, da shaidar biya guda uku, 230,000, 7,000, 15,000, da saƙon muryarsa inda yake cewa amana ce. Ƙanina yana rufe lambata da sunan Hajiya da ya fito a ciki, in ya gama yau bayan isha'i zan ɗora su. Wanda ya san ya tura wa mutumin nan kuɗi ya yi mini magana ta ciki, an ce in muna da yawa an fi saurarenmu. Majigin yana kan durowa a cikin kwalinsa, Hajiya ta koma wayarta, jiya ƙaramar 'yata take tambayata yaushe za a sake kunna fim ɗin bango, na ce mata ta je ta kwanta.