Jeanty ko Hampton: amsa ga mai riƙe da zaɓin farko a gasar fantasi ta NFL

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka: kai ke riƙe da zaɓi na farko a rabon sabbin 'yan wasa na 2025 a gasarku ta fantasi ta NFL (ƙwallon Amurka), inda kowa ke haɗa tawaga yana cin maki da abin da 'yan wasansa suka yi a fili, irin wadda ake riƙe ɗan wasa shekara da shekaru, kuma ana ba da maki ɗaya duk lokacin da ya cafe ƙwallo. Mai zaɓi na biyu ya yi maka tayin ku yi musanya, ya ƙara maka da zaɓinsa na zagaye na biyu na baɗi, wato 2026. Ke nan ka sakar masa Ashton Jeanty, kai ka ɗauki Omarion Hampton da ɗan gyara a kai. A wannan farashin, kar ka sallama. Sai dai ratar da ke tsakanin yaran nan biyu masu gudu da ƙwallo ba ta kai yadda ake kururutawa ba, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Kowa da alƙaluman jami'a yake fara magana, to bari mu gama da su. A kakar 2024 Jeanty ya yi wa Boise State gudun yadi 2,601 da tocdaun (kai ƙwallo layin ci) 29 a ƙasa, wato da gudu, an miƙa masa ƙwallo sau 374. Saura yadi 27 ya kamo tarihin da Barry Sanders ya kafa a 1988 na yadi 2,628, ko da yake Sanders a wasa 11 ya yi nasa, Jeanty kuwa a 14. Ya zo na biyu a kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a, bayan Travis Hunter. Hampton a North Carolina ya yi yadi 1,660 da tocdaun 15 a ƙasa, bayan ya yi 1,504 a 2023. Idan ka jera su haka, sai ka ce ai magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba, domin ba da abokan hamayya iri ɗaya suka kara ba. A lokacin Boise State tana rukunin Mountain West ne, inda masu tsaron baya da yawa ba za su taɓa taka filin NFL ba, Hampton kuwa a rukunin ACC, wanda ya fi ƙarfi, ya yi nasa. Kuma mun taɓa ganin wannan. A 2017 Rashaad Penny ya yi wa San Diego State yadi 2,248 a wannan rukunin na Mountain West, Seattle ta ɗauke shi a lamba ta 27 a 2018, masu fantasi suka yi ta rububinsa. Rauni ya hana shi sakat, kuma Chris Carson, wanda aka tsinto a zagaye na bakwai, shi ya riƙe aikin. Kocin Seattle na lokacin shi ne Pete Carroll, wanda a 2025 ya karɓi ragamar Las Vegas Raiders, ƙungiyar Jeanty. Carroll mutum ne mai son gudu da ƙwallo, duk wanda ya kalli zamanin Marshawn Lynch ya san haka, amma bai damu da a wace lamba aka ɗauko ka ba idan wani ya fi ka a wurin atisaye.

Abin da ya sa ban sa Jeanty a layin Penny ba shi ne wasanninsa da manya. A watan Satumban 2024 ya je gidan Oregon ya yi yadi 192 da tocdaun uku, Oregon ta sha da ƙyar ta ci su 37 da 34. A wasan ƙarshen kaka na Fiesta Bowl kuma Penn State ta tara masa mutane a gaba, ya ɗauki ƙwallo sau 30 ya samu yadi 104 kacal. Masu sukarsa wannan wasan suke nunawa. Ni kuwa shi na fi so ka kalla, domin ya fi kama da abin da zai tarar duk Lahadi: babu hanya a buɗe, ana cimmasa tun kafin ya kai layi, shi kuma yana ƙwato yadi biyu ko uku daga inda wani zai faɗi a baya.

Ka lura da jikinsa idan kana kallo. Gajere ne, kimanin santimita 174, nauyinsa wajen kilo 96. Kafin a fara wasa yana tsayawa ƙyam a bayan kwatabak (mai jifan ƙwallo), hannaye a sake, kamar ba shi za a ba ƙwallon ba. Da an miƙa masa sai ya duƙa, mai son kayar da shi ya zo ya daki cinya ko ƙugu, shi ya ɗan yi tangaɗi, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya miƙe ya ci gaba. Mafi yawan yadin da ya tara a 2024 bayan an riga an taɓa shi ya same su. Wannan baiwar ba ruwanta da rukunin da mutum ya fito. Hampton wani gini ne daban: ya kusa santimita 183, kilo 100, kuma ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.46 a gwajin da ake yi a Indianapolis, gwajin da Jeanty bai yi gudun ba. Shi ba ya yawan kewaye-kewaye. Yana ganin tsaga sai ya dasa ƙafa ɗaya ya kutsa, wanda ya tare shi ya sha kafaɗa. Idan masu share masa hanya suka yi aikinsu, ya fi kowa daɗin kallo. Idan suka gaza, bai kai Jeanty iya fitar da kansa ba.

To amma fantasi ba gasar kyan gudu ba ce, gasar yawan taɓa ƙwallo ce. Ku da kuka saba da fantasin Firimiya kun san zafin sayen ɗan wasan Guardiola mai tsada, ranar wasa ka tarar da shi a benci. A nan ma haka ne, kuma babu abin da ke nuna wa za a riƙa ba ƙwallo kamar lambar da aka ɗauki mutum a kai. Ranar 24 ga Afrilun 2025 a Green Bay, Raiders suka ɗauki Jeanty a lamba ta 6, kuma rabon da a ɗauki mai gudu da ƙwallo da wuri haka tun Saquon Barkley a lamba ta 2 a 2018. Ƙungiyar da ta kashe irin wannan zaɓin ba za ta ajiye yaron tana kallo ba. A 2025 babban wanda ke bayansa shi ne Raheem Mostert, mai shekara 33 a lokacin. Hampton kuwa Los Angeles Chargers suka ɗauka a lamba ta 22, shi ma zagayen farko ne, kwantiragin shekara huɗu da damar ƙara ta biyar. Amma ya tarar da Najee Harris, wanda ya haura yadi 1,000 shekara huɗu a jere a Pittsburgh ba tare da ya rasa wasa ko ɗaya ba. Irin wannan ba a ture shi da rana tsaka. Sauƙin abin, kwantiragin da Harris ya sa wa hannu a 2025 na shekara ɗaya ne, kai kuma gasarku ta dogon zango ce.

Kada rabon aiki ya firgita ka fiye da kima. A 2023 Detroit ta ɗauki Jahmyr Gibbs a lamba ta 12 ya je ya tarar da David Montgomery, mutane suka yi ta ƙorafi, a 2024 ya ci tocdaun 20. A wannan shekarar ta 2023 Bijan Robinson, wanda aka ɗauka a lamba ta 8, ya sha raba ƙwallo da Tyler Allgeier a Atlanta duk da kowa ya san ya fi shi. Koci ne ke rabo, ba mu ba.

Inda Hampton ya yi wa Jeanty fintinkau shi ne gidan da ya faɗa. Chargers sun ci wasa 11 sun sha kashi 6 a 2024, suna da kwatabak Justin Herbert, ga Rashawn Slater da Joe Alt a gefe biyu na katangar gaba (masu share hanya), kuma koci Jim Harbaugh da mai tsara masa hari a 2025 Greg Roman sun yi suna wajen dagewa kan gudu da ƙwallo. J.K. Dobbins, da duk raunukan da ya sha a baya, ya yi musu yadi 905 a wasa 13. Raiders kuwa wasa 4 suka ci suka sha kashi 13, kuma su ne na ƙarshe a NFL wajen gudu da ƙwallo a 2024. A 2025 sun kawo kwatabak Geno Smith da mai tsara hari Chip Kelly, suna da Brock Bowers, amma katangar gabansu ita ce damuwata. Ƙungiyar da ake yawan ci tana daina gudu a zubi na huɗu ta koma jifa, kuma ba ta cika isa bakin layin ci ba, inda ake samun maki shida. Saboda haka ba zan yi mamaki ba idan a wasu makonni ka ga Jeanty ya ɗauka sau ashirin ya tashi da yadi sittin.

Duk da haka ina jin tsoron fifita gida a kan yaro. A 2020 mutane da yawa sun ɗauki Clyde Edwards-Helaire a gaban Jonathan Taylor saboda kawai ya faɗa Kansas City wurin Patrick Mahomes. A 2021 Taylor ya yi yadi 1,811 da tocdaun 18 a ƙasa. Ana korar koci, ana sauya katangar gaba cikin shekara biyu, shi kuwa ɗan wasan yana nan a hannunka.

Yanzu maganar cafewa, wadda a tsarin makinku ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Yi lissafin da kanka, a kan maki ɗaya duk yadi 10: cafewa 40 da suka ba da yadi 300 maki 70 ne, daidai da wanda ya yi gudun yadi 700. A 2024 Hampton ya cafe 38, Jeanty 23, sai wasu suka ce Hampton ya fi hannu. Koma 2023: Jeanty ya cafe 43 na yadi 569 da tocdaun biyar. A 2024 ba su buƙaci jefa masa ba ne, tunda miƙa masa ma ya wadatar. A makarantar sakandare a Texas har matsayin mai cafe ƙwallo ya buga. Kuma idan Raiders suna bin bashin maki a ƙarshen wasa, gajerun jifa zuwa gare shi za su rage asarar da na ambata a sama. Tsarin Roman kuwa, a shekarunsa na Baltimore, bai cika jefa wa masu gudu ƙwallo da yawa ba. Abin da zan ce ka sa wa ido a wasannin share fage na Agustan 2025 shi ne yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi goma: wa ake bari a fili? Sabon yaro da bai iya tare mai kawo wa kwatabak farmaki ba, koci zai fitar da shi ya sa tsohon hannu, kuma a nan ne Harris zai iya cin rabon Hampton a watannin farko.

Akwai masu cewa an gajiyar da Jeanty, tunda ya ɗauki ƙwallo sau 750 a shekara uku na jami'a. Gaskiya ne lodin ya yi yawa, amma Hampton ma ya haura 600, kuma Jeanty ne ƙarami, an haife shi a Disambar 2003, Hampton a Maris na shekarar. A matsayin da ake fara yi wa mutum kallon tsoho tun yana shekara 27 ko 28, wata tara ba abin yarwa ba ne. Ban ba wannan maganar nauyi sosai ba ta kowane ɓangare.

Wani ɗan abu a gefe, tunda yawancinmu a Najeriya da Nijar muke: ƙungiyoyin biyu na yammacin Amurka ne, wasanninsu na gida kan fara wajen ƙarfe tara ko goma na dare a agogonmu. Idan aka ce ɗayansu yana da ɗan rauni, sanarwar ƙarshe za ta fito ne bayan wasannin farko sun riga sun fara, don haka ka tanadi madadin da shi ma wasansa na dare ne.

Game da tayin: zaɓin zagaye na biyu a gasar mutum goma sha biyu yana faɗawa tsakanin lamba 13 da 24, kuma akasarin waɗanda ake ɗauka a nan ba sa zama 'yan wasan da za ka riƙa sakawa duk mako. Bai kai kuɗin ratar ba. Ka mayar masa da cewa zaɓin zagayen farko na 2026 kake so, ko wani matashin mai cafe ƙwallo da ya riga ya samu gurbi a ƙungiyarsa. Ka duba tawagarsa kafin ka amince: idan mai rauni ce, zaɓin nasa na baɗi zai zo da wuri, kuma a nan zan karɓi Hampton hankali kwance, musamman idan kai ma gini kake yi ba kofin bana kake nema ba. Idan ya tsaya a kan zagaye na biyu, ka yi masa godiya ka ɗauki Jeanty.